Su Sun Gina Majami'a, Mu Ko Sunaye Ba Mu Rubuta Ba

Kowace shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, akan yi abin da aka saba. Shugaban ƙasa a Abuja, gwamnoni a jihohinsu, kowa ya ɗauki furanni ya ajiye a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a busa begila, a harba bindiga sama, a saki fararen tantabaru, sannan a watse. Kafin ranar an riga an yi addu'a a masallatan Juma'a, an kuma yi a coci-coci ranar Lahadi. Wannan ita ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, wadda a da ake yi ranar 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen renon Ingila, daga baya aka mayar da ita ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ban raina wannan taro ba ko kaɗan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da wuya a tashi daga filin ka ji an kira sunan mutum ɗaya cikin waɗanda aka taru dominsu.

Turawan da muka aro al'adar daga wurinsu ba haka suka yi ba. Lokacin da Ingila ta binne sojanta marar suna a majami'ar Westminster ranar 11 ga Nuwamba 1920, ta yi haka ne domin gawarwakin da aka kasa shaidawa. Sauran kuwa an bi su ɗaya bayan ɗaya an sassaƙa sunayensu a bangon coci-coci da makarantu da dandalin ƙauyuka. Mu sai muka ɗauki rabin al'adar muka bar rabi, muka mayar da dukkan mamatanmu sojojin da ba a sani ba.

Bari in ɗan zagaya da mai karatu wasu wurare kafin mu dawo gida. A birnin Dakar akwai babbar majami'ar Katolika da aka san ta da sunan Majami'ar Tunawa da Afirka. Bishof Hyacinthe Jalabert ne ya fara tunanin gina ta, ya ɗora wa wani fada mai suna Daniel Brottier nauyin tara kuɗi a Faransa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, shi kansa Jalabert ya rasu a Janairun 1920 lokacin da jirgin ruwan da ya ɗauko shi ya nitse, tare da sojojin Afirka masu yawa da ke hanyar komawa gida. Ba a keɓe ginin ba sai ranar 2 ga Fabrairu 1936. Asalin rubutun da aka yi a goshinsa godiya ce daga Faransa ga mamatanta na Afirka. Daga baya aka sauya shi da na addini zalla. A nan aka yi wa tsohon shugaban ƙasa Senghor addu'ar jana'iza a Disambar 2001.

A Mumbai ta Indiya kuma akwai wadda mutanen gari ke kira Cocin Afganistan. Ingilishi suka gina ta, aka keɓe ta a 1858, domin tunawa da waɗanda suka halaka a yaƙinsu na farko da Afganawa, musamman janyewar da suka yi daga Kabul a Janairun 1842, inda sojoji kimanin 4,500 da masu yi musu hidima kimanin 12,000 suka shiga tsaunuka cikin hunturu, kaɗan ƙwarai suka fita da rai. Amma ga inda gizo ke saƙar: sunayen hafsoshi kawai aka rubuta a bango. Su ƙananan sojoji, allon ya ba da hanzarin cewa sun yi yawa a rubuta. Mafi yawan rundunar nan kuwa Indiyawa ne. Ashe ko a ɗakin ibada, inda ake cewa kowa daidai yake a gaban Ubangiji, sai da aka bi muƙami.

Kada wani ya ɗauka abin na Kirista ne kaɗai. Babban Masallacin Faris, wanda aka aza harsashinsa a 1922 aka buɗe a Yulin 1926 a gaban shugaban Faransa Gaston Doumergue da Sarkin Maroko Maulaya Yusuf, an gina shi ne a matsayin tukuici ga dubun dubatan Musulmin da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na san akwai siyasar mulkin mallaka a ciki, domin ƙasar da ta gina wannan masallaci ita ce ta buɗe wa tsofaffin sojojinta baƙaƙe wuta a barikin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu, kuma sai a 2024 shugabanta ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Duk da haka masallacin yana nan, ana salla a cikinsa, kuma duk wanda ya tambayi dalilin gina shi sai an ba shi labarin mamatan. A Kohima ta arewa maso gabashin Indiya ma, Japanawa, waɗanda galibinsu ba Kirista ba ne, sun zuba kuɗi aka gina majami'ar da aka keɓe a 1991, domin a riƙa yi wa waɗanda suka faɗi a gumurzun 1944 addu'a.

To, mu dawo gida, mu tsaya a Araba ta Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara. Na zaɓi wannan wuri da gangan. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, kasuwa ɗaya suke ci, harshe ɗaya suke yi, sai dai wannan ya ƙirga da naira wancan da sefa. A watan Mayun 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ya auka wa Ƙonni, ya karkashe jama'a ya cinna wa garin wuta, alhali a bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 yankin yana cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato da aka bar wa Ingila. Kafin nan sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Yuli suka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, ba a jima ba su ma sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a wajen Maijirgi. Ka ga sunaye uku ke nan na Turawa da kowane littafi ya adana. Mutanen Ƙonni kuwa, da 'yan dako da aka kama da ƙarfi suka mutu a hanya, adadi kawai ake ba su, adadin ma kowa da nasa.

Haka labarin yake a kudu da nan. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗi. Ranar 27 ga Yuli na wannan shekara Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa, kuma a ɓangaren Turawa an san Manjo Marsh da suna. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru suka kashe Hillary da Scott da Blackwood tare da baƙaƙen sojoji ashirin da wani abu. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum kimanin 2,000. Duk ɗalibin tarihi zai iya jero maka sunayen Turawan nan uku. Ka tambaye shi sunan ɗaya daga cikin ashirin da wani abun nan, ko goma daga cikin dubu biyun, ka ga yadda zai yi zuru.

A nan ne maganar take da nauyi, kuma ba na son in tsallake ta. Waɗanda suka ɗana bindiga a Ƙonni da Giginya da Burmi da Satiru, mafi yawansu baƙaƙen fata ne, kuma a ɓangaren Ingila da yawansu Hausa suke ji, har Hausa ta zama harshen bariki. Wani zai ce, a kan me za mu rubuta sunan wanda ya yi wa Nasara aiki a kan 'yan'uwansa? Tambaya ce mai ƙarfi. Amsata ita ce rubuta suna daban, yabo daban. Alƙali yakan rubuta sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara a littafi ɗaya. Da yawa cikin waɗannan sojoji bayi ne da suka gudo, ko talakawan da yunwa ta koro, ko waɗanda aka sa hakimai su kawo. Idan muka san su wane ne, daga wane gari, me ya kai su, za mu fahimci yadda aka ci ƙasar nan da 'yan tsirarun Turawa. Rufe sunayensu bai amfani kowa ba sai wanda ya yi amfani da su ya yar.

Sannan ga 'yan Bama. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'yan Nijeriya ne suka fi yawa a cikinsu, da yawa daga Arewa. Wanda duk ya san barikokinmu ya san sunayen Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya. Duk daga wancan yaƙi aka samo su. Wato mun adana sunayen wuraren da aka kashe mutanenmu, mun manta da mutanen. Wanda ke son ganin sunan kakansa da ya ɓace a can, sai ya nemi bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka rubuta sunaye kusan 27,000 na sojojin ƙasashen renon Ingila da ba a san kabarinsu ba. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙungiyar ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa laifinta: aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu ba, ko ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya tono yadda gwamnan Turawa na ƙasar da ta zama Gana ya nuna a 1923 cewa baƙin mutum ba zai gane amfanin allon kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Sun ɗauki shekara ɗari kafin su ji kunya. Mu da muka karɓi mulkin kanmu tun 1960, wane hanzari gare mu?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu cewa wannan ba al'adarmu ba ce. Wanda ya faɗi haka bai buɗe littattafan gidansu ba. Malaman Sira sun jero shahidan Badar da na Uhudu da sunayensu da na iyayensu da kabilunsu, shi ya sa yau, bayan shekara fiye da 1,400, yaro a makarantar allo ya san Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Shugabannin jihadin Sakkwato sun bi wannan sawu. Abdullahi ɗan Fodiyo a Tazyinul Waraƙati da Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri sun rubuta yaƙe-yaƙen tun daga Tafkin Kwatto a 1804, sun ambaci mutanen da aka rasa, sun yi musu marsiyya. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce muka san cewa a Tsuntsuwa an rasa mutum kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Mutanen da ke gudun hijira, ba su da injin buga littafi, takarda ma sai an kawo ta daga hamada, sun sami sukunin rubuta mamatansu. Mu masu kwamfuta a kowane ofis mun kasa.

Dubi abin da ke faruwa a zamaninmu. Tun daga 2009 sojojin Nijeriya ke faɗuwa a Arewa maso Gabas, daga baya abin ya bazu zuwa Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato. Mun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwambar 2016, mun san Birgediya Janar Dzarma Zirkusu da ya faɗi a Askira Uba a Nuwambar 2021, domin manya ne. Amma kurata da kofur-kofur da aka rasa a Metele a 2018, ko jami'an tsaron da aka kashe a Burkusuma ta Sabon Birni a 2021, sai ka ji ana ta musu a kan adadi tsakanin kakakin soja da 'yan jarida, daga nan magana ta mutu. Cocin Mumbai ke nan muka sake ginawa, ba tare da ko bangon ba. Kuma an nuna mana ana iyawa idan an so: sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a Maris 2024, an buga sunayensu da hotunansu, an binne su a Maƙabartar Soja ta Ƙasa a Abuja a gaban shugaban ƙasa, an yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya. Abu ne mai kyau. Tambayata kawai, jinin wanda ya faɗi a dajin Isa ko Tangaza ruwa ne? A tsallaken iyaka ma, Nijar ta rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, da 89 a Shinagodar a Janairun 2020. Wasunsu Hausawa ne, kuma ba abin mamaki ba ne a sami masu dangi a wannan gefe.

Shawarata ke nan. A kafa wurin tunawa a Araba, a bakin iyaka. Ba na kiran a yi mutum-mutumi, ba na kiran a yi gini a kan kabari. Malamanmu sun yi hani da waɗannan, kuma ina tare da su. Abin da addini ya kwaɗaitar shi ne sadaka mai gudana. A gina makaranta da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse, a keɓe ɗaki guda a ajiye kundi, a rubuta sunan kowane soja da ɗan sanda da ɗan sa-kai da ya rasa ransa yana kare wannan yanki, da garinsu da ranar da ya faɗi, da boko da ajami. A jera su bisa harafi, janar kusa da kurtu. Musulmi da Kirista a shafi ɗaya, domin sojan da aka turo daga Binuwai ko Kuros Riba ya mutu yana gadin kasuwar Illela bai tambayi addinin masu kasuwar ba. Masallacin garin ya yi wa nasa addu'a, cocin barikin Giginya ya yi wa nasa, kundin kuwa na kowa ne. In son samu ne a buɗe shafi ga na Nijar, ko da yake na san tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami. Sarakunan Illela da na Ƙonni ba su daina gaisawa ba, su za su iya abin da ministoci ba za su iya ba. Wani abin lura kuma, sunan garin ya yi daidai da kalmar da aka yi ta rerawa a titunan Arewa a 1966 ana neman a raba ƙasa, kiran da ya share fagen yaƙin da ya ci rayukan da har yau ba a ƙirga ba. Ba zai zama laifi ba idan wuri mai wannan suna ya zama inda ake haɗawa.

Na san abin da za a ce. Hafsoshi za su ce bayyana yawan mamata yana karya gwiwar mayaƙa yana ƙarfafa abokan gaba. Ai sojan da ke fagen fama ya fi kowa sanin wanda ya faɗi kusa da shi, shi ya ɗauko gawar. Abin da ke karya masa gwiwa shi ne ya ga an binne abokinsa a ɓoye, ya san shi ma haka za a yi masa. In akwai dalilin tsaro, a jinkirta wata shida ko shekara, amma a ƙayyade lokacin a doka.

Wasu za su ce matan mamatan da marayunsu sun fi buƙatar abinci a kan allon suna. Gaskiya ne, kuma wannan hujja tawa ce. Matar da sunan mijinta ke cikin kundin da kowa ke iya gani tana da abin nunawa idan ta je neman haƙƙinsa. Wadda ba a rubuta nata ba ita ce ke shekara da shekaru tana zarya da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, ga wa'adin tashi daga gidan bariki yana matsowa. Inda babu lissafi a fili, nan kuɗin mamaci ke bin shanun sarki.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na uku. Akwai ƙauyukan da abin da suka sani game da soja shi ne bam daga sama: Tudun Biri a Kaduna a Disambar 2023, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi fiye da 80, da ƙauyukan Silame a nan Sakkwato a Disambar 2024. Mutumin da ya binne 'ya'yansa a irin wannan rana, da wane ido zai kalli bangon girmama soja? Saboda shi ne nake cewa kundin ya zama juzu'i biyu a ɗaki ɗaya, na biyun na farar hula: waɗanda 'yan bindiga suka kashe a kasuwar Goronyo da garuruwan Illela a 2021, da waɗanda kuskuren jami'an tsaro ya ci, kowa da sunansa da sanadinsa. Idan hukuma ta ƙi yarda da juzu'i na biyu, to ni ma ban ga amfanin na farko ba.

Wannan aiki ba sai an jira Abuja ba. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka yi zaman makoki, kowane limami ya san wanda ya sallata. Majalisar Sarkin Musulmi tana iya umurtar hakimai su tattaro sunaye gunduma-gunduma, sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tantance su da taimakon ƙungiyar tsofaffin sojoji, a ajiye kwafi a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kuma ta yi doka mai shafi ɗaya da za ta wajabta karanta sunayen shekarar da ta gabata da babbar murya ranar 15 ga Janairu, kafin a saki tantabaru. Illela tana da mazaɓu 11. A fara da ta Araba.